Ajin tsaron intanet na Aboabo: yana koyar da aiki, jarrabawa kuwa sai ka tashi tsaye

Masu tambayata game da ajin tsaron intanet ɗin nan da ake yi Asabar da Lahadi a wani bene a Aboabo ta Kumasi sun yi yawa, galibinsu yaranmu na Asawase da Sabon Zango masu shirin zana jarrabawar Security+ ta CompTIA. Amsata ɗaya ce ga kowa. In so kake hannunka ya iya aiki, je ka biya, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. In kuwa takardar shaida ce kaɗai a gabanka, ajin shi kaɗai ba zai kai ka ba. Sana'ata gina manhajar rajista da ta sakamakon jarrabawa wa makarantu, da PHP da MySQL, don haka darasin da na fi zuba wa ido shi ne na kare rumbun bayanai daga masu cusa masa umarni, wanda takardar jarrabawa ke kira SQL injection. A kansa zan fi tsayawa.

Wurin ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗaki ɗaya ne a saman shagon kayan gini, da fanka, da majigi mai ɗan dishi-dishi, kowa kuma ya zo da laftof ɗinsa. Pragya, keke mai ƙafa uku, na sauke mutum a ƙofa, ana tashi sallar azahar, mai waakye tana ƙasan bene. Malamin da Turanci yake farawa, amma da ya ga an yi tsit sai ya juya Hausa, wani lokaci ya haɗa da Twi.

Ranar wannan darasi bai fara da labarin masu kutse ba. Wani ɗan shafi ya buɗe na neman sunan ɗalibi, wanda shi ya rubuta da gangan da rauni a ciki. Ya ce a nemi Amina. Ta fito. Ya waiwayi wata baiwar Allah da ke aiki a ofishin rajistar wata makaranta, ya ce, "Hajiya, rubuta mana Sa'adatu." Tana danna maɓalli shafin ya watse, MySQL ya zubo ƙorafi a allo. Sai ya rubuta mana umarnin da ya isa rumbun:

SELECT * FROM dalibai WHERE suna = 'Sa'adatu'

Da wannan 'yar alamar ta sama SQL, harshen da ake ba rumbu umarni da shi, ke buɗe rubutu, da ita yake rufewa, kuma ita ce muke sakawa a tsakiyar sunayenmu. Rumbun ya karanta Sa, ya ga alama, ya ɗauka suna ya ƙare. Ragowar adatu sai ya nemi fahimtarsa a matsayin umarni, ya kasa. Hajiya ta ce wallahi haka tasu manhajar ke yi da Asma'u da Mu'azu da Rabi'u, har sakatariyarsu ta saba cire alamar kafin ta shigar da suna. Malam ya ce to ƙofarsu a buɗe take tun ranar farko, sunayen yara ne suka yi ta sanar da su. Daga nan ya sa muka rubuta ' OR '1'='1 a gurbin sunan. Tun da ɗaya daidai yake da ɗaya a kowane layi, ɗaliban teburin kaf suka zubo. Na sha karanta wannan bayani, amma ban taɓa ganin wanda ya shigar da shi kan mutane cikin sauƙi haka ba.

Wani saurayi daga Tafo ya ɗaga hannu. "Malam, ai sai a hana alamar shiga kawai."

"Ɗan'uwa, ka kori rabin Zango daga rajista ke nan, kuma ɓarawon bai tafi ba."

Nan ya buɗe DVWA, manhajar gwaji da aka gina da ramuka don koyo, wadda kowa ya ɗora a kan XAMPP, kayan aikin da ke tafiyar da shafi da rumbu, a laftof ɗinsa. Matakan tsaro huɗu gare ta. A na ƙasa muka yi amfani da UNION, umarnin da ke haɗa sakamakon nema biyu, muka kwaso sunaye da kalmomin sirri na mutum biyar ɗin da ke teburinta, a dunƙule da MD5, wanda warware shi a kan kalma mai sauƙi ba ya ɗaukar lokaci. Mataki na biyu ne amsar ɗan Tafo. A can an tace alamar da mysqli_real_escape_string, an kuma maye akwatin rubutu da jerin zaɓi, har mutum ya ɗauka ba ta inda zai rubuta komai. Amma lamba ake nema, lambar kuma ba a kewaye ta da alama ba a cikin umarnin. Muka tare saƙon a hanya da Burp Suite, muka mai da 1 ya zama 1 OR 1=1, babu alama ko ɗaya, komai ya sake zubowa. Abin da burauza ta hana, ba a hana shi a saba ba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta.

Sai da ya bari muka gaji da faci kafin ya nuna magani. A rubuta umarnin tun farko, a bar gurbi:

SELECT * FROM dalibai WHERE suna = ?

Umarnin ya tafi daban, abin da mutum ya rubuta ya bi shi daban. Ya kwatanta shi da takardar cire kuɗi ta banki: an riga an buga ta, kome ka rubuta a akwatin suna, suna ma'aikaciya za ta ɗauke shi, ko da ka rubuta "a ba ni duk kuɗin da ke ciki". Muka gyara shafin da PDO, kayan aikin PHP da ke tura umarni mai gurbi. Sa'adatu ta fito lafiya da alamarta, ' OR '1'='1 kuma aka neme shi a matsayin sunan ɗalibi, ba a same shi ba. Mataki na huɗu na DVWA ma haka aka rubuta shi, ya sa muka jera shi da na farko muna karantawa layi-layi.

Inda na tabbatar mutumin nan ya yi aikin da hannunsa shi ne wuraren da gurbin ba ya shiga. Sunan teburi ko na ginshiƙin teburi, kamar suna ko maki, ba a saka masa alamar tambaya. Mai son a jera ɗalibai da suna ko da maki, ta ORDER BY, sai dai ka ajiye jerin sunayen da ka yarda da su a cikin manhajar, duk abin da ba ya ciki a watsar. Ya kuma nuna wanda ke kwanciya ya jira: ka adana Mu'azu lafiya yau, gobe wani sashe na manhajar, mai buga katin sakamako misali, ya ɗauko sunan daga rumbu ya manna shi a sabon umarni, a zatonsa abin da ya fito daga gida amintacce ne. Ɓoye saƙon kuskure ma ya ce a yi, amma kada a ɗauka an warke. Ya cusa umarnin SLEEP na daƙiƙa 5 tare da tambayar e ko a'a, muka zauna muna kallon shafi yana jinkiri. In ya yi jinkiri, amsa e ce. Da haka ake zare kalmar sirri harafi-harafi ba tare da rumbun ya nuna komai a allo ba.

Sai maganar root, asusu mai cikakken iko a kan rumbu. XAMPP yana zuwa da wannan asusu babu kalmar sirri, kuma da yawa cikin masu gina manhaja a garin nan da shi suke haɗa shafi da rumbu har zuwa ranar miƙa aiki. Ya sa kowa ya buɗe asusu mai izinin karantawa da rubutawa a rumbu ɗaya tak, ba ikon goge teburi, ba ikon taɓa fayil. Ko an shigo, ɓarnar ta tsaya a ɗaki ɗaya.

Tarihi bai ɓata masa lokaci ba, kuma na ji daɗin haka. Ya ce tun 1998 aka bayyana wannan rauni a mujallar Phrack. A 2015 aka bi ta tsofaffin shafukan kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila aka taɓa bayanan mutum kusan 157,000, hukuma ta ci kamfanin tarar fam 400,000. A 2023 kuma ta wannan ƙofa aka shiga MOVEit, manhajar tura fayiloli. Doka ce ya fi nanatawa. Da wani ya ce a gwada sqlmap, manhajar da ke cusa umarni da kanta, a shafin wata makaranta don a gani, Malam ya ɗaure fuska, ya ce a ajinsa ba a taɓa abin da ba naka ba sai da izini a rubuce. Ya ambaci dokar mu'amala ta lantarki ta 2008, da ta kare bayanan mutane ta 2012, da ta tsaron intanet ta 2020 wadda ta kafa hukumar da ke kula da fannin a Gana.

To, ga inda gizo ke saƙa. Takardun da aka raba mana tsofaffi ne. An tsara su a kan tsohuwar sigar jarrabawar, SY0-601, wadda aka daina zanawa a ƙarshen Yulin 2024, alhali SY0-701 ta fito tun Nuwamban 2023. Jerin manyan haɗura goma na OWASP, ƙungiyar tsaron manhajoji, da ke ciki na 2017 ne, lokacin da cusa umarni ke na ɗaya, a na 2021 kuwa ya sauko na uku. Na yi masa magana, ya ce ana kan gyarawa. Har muka gama ba mu ga gyara ba.

Babu kuma gwajin jarrabawa na gaske, wannan ya fi damuna. Security+ tambayoyi ne har 90 cikin minti 90, ana neman maki 750 a ma'aunin 100 zuwa 900, kuma cusa umarni ɗan yanki ne ƙwarai a cikinta. Ba za a ce ka rubuta PDO ba. Gane harin ake so, da zaɓen kariyar da ta fi dacewa cikin waɗanda aka jera. Wanda Malam ya koya wa ya raina tace abin da aka shigar zai iya tsayawa yana gardama da takarda, alhali tantance abin da aka shigar yana cikin manhajar karatun, kuma in shiryayyen umarni, wato mai gurbin nan, ba ya cikin zaɓi, shi ne amsa. Wannan bambanci tsakanin amsar aiki da amsar jarrabawa minti goma ya isa a fayyace shi, ba a yi ba. Katangar tsaron shafi, wadda ake kira WAF, a gurguje aka wuce ta. Masu gina shafi da Laravel ko Django ma ba su ji komai ba game da inda ɗanyen umarni ke sake buɗe ramin a cikin kayan aikinsu.

Wuta na ɗaukewa, janareta kuma na maƙwabci ne, sai an roƙa. Sa'ar da aka ci ita ce DVWA ba ya bukatar intanet, don haka mai batir mai kyau yana ci gaba da aiki. Ni na cike giɓin gwaji da darussan Web Security Academy na PortSwigger, kyauta ne, data kawai za ka saya.

Kuɗin aji ana karɓa kashi biyu ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kuma bai haɗa da na jarrabawa ba, wanda da dala ake lissafa shi. A takardar tallarsu ba a faɗi haka ba, wasu sai a tsakiyar karatu suka sani. Kafin ka tura kashin farko, ka ce a nuna maka takardun karatun, ka duba lambar da ke bangon. In 601 ka gani, ka nemi ragi, ka sayi littafin 701 da abin da ya saura.