Kwas ɗin sa'o'i 40 na ABA: abin da yake koyarwa da inda ya tsaya

Duk wanda ya fara neman hanyar koyon aiki da yara masu larurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, ba zai daɗe a intanet ba sai ya ci karo da tallan kwas ɗin sa'o'i 40 na ABA, wato ilimin nazarin ɗabi'a da yin amfani da shi wajen koyarwa. Cibiyoyi da dama ne ke bayar da shi, wasu da kuɗi, wasu kyauta, amma abin da ke ciki kusan ɗaya ne, domin hukumar BACB ta Amurka mai ba da shaidar ƙwarewa a wannan fannin, wadda aka kafa a 1998, ita ce ta tsara darussan da dole a koya wa mai neman zama ƙaramin ma'aikaci da suke kira RBT, matakin da ta ɓullo da shi a 2014. Na bi kwas ɗin daga farko har ƙarshe a wata cibiya ta can, a matsayina na mai koyar da yara masu buƙata ta musamman, kuma hukuncina shi ne ya cancanci lokacin da ake ba shi, da sharaɗin mutum ya san iyakarsa tun kafin ya shiga.

Tsarinsa ba shi da wuyar ganewa: laccoci ne na bidiyo, kowace tana ƙarewa da 'yan tambayoyi, kuma an kasa su fannoni shida, daga auna ɗabi'a da tantance ta, zuwa koyar da sabon abu, rage ɗabi'a mai cutarwa, rubuta rahoto, da ladubban aiki. Dukansu da Turanci ake yin su, da saurin bakin Amurkawa, don haka mai raunin sauraro zai riƙa mayar da bidiyon baya, ga kuma datar da sa'o'i 40 ke lashewa.

Abin da ya fi daraja a kwas ɗin gaba ɗaya shi ne yadda yake sauya tambayar da malami ke yi wa kansa. A maimakon a ce me ke damun yaron nan, sai a ce me wannan ɗabi'ar take samar masa. Ana koya wa ɗalibi ya rubuta abu uku duk lokacin da ɗabi'ar ta bayyana: abin da ya faru gab da ita, ita kanta ɗabi'ar kamar yadda ido ya gan ta, da abin da ya biyo bayanta nan take. Idan rubutun ya taru, yawanci dalili ɗaya daga cikin huɗu yakan fito fili: ko dai yaron yana neman a kula shi, ko yana gudun wani aiki, ko yana son wani abu ya shiga hannunsa, ko kuwa ɗabi'ar ce da kanta take yi wa jikinsa daɗi. Wannan hanyar ta samu gindin zama ne daga binciken da Brian Iwata da abokan aikinsa suka wallafa a 1982 a kan yara masu ji wa kansu ciwo, inda suka nuna cewa ɗabi'a mai kama ɗaya tana iya samun dalilai mabambanta daga yaro zuwa yaro.

Na gwada wannan a kan wani yaro da ke zubewa ƙasa yana birgima da kururuwa, har aka yi masa shaidar rigima. Da na fara rubutawa, sai ya bayyana cewa ba ya yin haka lokacin wasa ko lokacin tara, sai an ajiye littafi da fensir a gabansa, kuma abin da ke biyo baya kullum shi ne a fitar da shi baranda ya huce. A ganinmu hukunci muke yi masa, alhali kuwa biyan buƙatarsa muke yi, domin gudun rubutun ne ya sa shi birgimar, mu kuma muna raba shi da rubutun. Maganin da kwas ɗin ya nuna bai tsaya a hana shi fita ba. Sai an rage tsawon aikin, sannan a koya masa wata hanya mai sauƙi ta neman hutu, ko da ɗaga kati ne, a kuma ba shi hutun da zarar ya nema, har hanyar ta fi masa birgimar sauƙi da saurin biya.

Darasin ƙarfafa ɗabi'a, wato sa ɗabi'a ta ƙaru ta hanyar abin da ke biyo bayanta, wanda tushensa ke cikin ayyukan masanin ɗabi'a B. F. Skinner tun 1938, shi ma an yi shi da kyau, kuma malaman sun nanata abin da sababbin shiga suka fi tuntuɓe a kai. Ba a kiran abu mai ƙarfafawa don malami yana ganin yana da daɗi, sai idan ɗabi'ar ta ƙaru a bayansa. Alawa ba ta da amfani ga yaron da ya ƙoshi, tsawa kuma tana iya zama lada ga wanda ba a kula shi sai ya yi ɓarna. Haka kuma ƙarfafawa iri biyu ce, ta hanyar ba da abin so da ta hanyar ɗauke abin ƙi, kuma ta biyun ba hukunci ba ce ko kaɗan. Uwar da ɗanta ke kuka a gaban mai shago ta saya masa biskit ya yi shiru, su biyun duka sun koyi darasi: shi ya koyi kuka na kawo biskit, ita ta koyi biskit na ɗauke kuka. Kwas ɗin ya kuma yi gargaɗin da nake ganin kowane mai reno ya kamata ya ji, cewa idan aka daina biyan wata ɗabi'a takan ƙara tsananta kafin ta lafa, kuma ladan da ake bayarwa jefi-jefi ya fi sa ɗabi'a kafewa a kan wanda ake bayarwa kullum. A gidajenmu masu yawan jama'a wannan batun ya fi nauyi, domin idan uwa ta dage kaka ta sassauta, an samu jefi-jefin ke nan, kuma laccocin ba su tanadi komai ba game da shawo kan gida mai manya goma.

Fannin aunawa ya fi kowanne gajiyarwa, amma ba zan so a rage ko minti ɗaya daga cikinsa ba. Ba a yarda ka rubuta cewa yaro mai taurin kai ne. Sai dai ka ce ya ture littafi daga tebur sau nawa, ya ɗauki minti nawa yana kuka, daƙiƙa nawa ta wuce tsakanin umarni da fara aiki. Wannan dagewar ta samo asali ne daga sharuɗɗa bakwai da Baer da Wolf da Risley na Jami'ar Kansas suka gindaya wa fannin a 1968, kuma amfaninta shi ne tana kare yaro daga son ran babba, tana kuma nuna wa malami da wuri cewa dabararsa ba ta ci. Darussan rarraba aiki mataki-mataki da janye taimako sannu a hankali kuwa a bayyane suke, kuma duk wanda ya fahimci misalinsu na wanke hannu zai iya ɗora shi a kan alwala ko ɗaura takalmi.

Inda na fi samun rashin gamsuwa shi ne zaɓen abin da za a koya wa yaro. Misalan duka na gidajen Amurka ne, kuma wasunsu ba su dace da mu ba: ana ɗaukar kallon mai magana ido cikin ido a matsayin abin da za a horar da yaro a kai, alhali a wurinmu yaron da ya ƙura wa babba ido ana ganin rashin kunya ne, gaisuwa da rusunawa su ne abin da iyaye za su fara tambaya. Shi kansa Wolf ya rubuta a 1978 cewa dole jama'ar da abin ya shafa su yarda da manufar aikin da hanyarsa, amma wannan ƙa'idar ba ta samu lokacin da ta cancanta ba. Haka nan an taɓo sukar da manya masu galahanga ke yi wa fannin a gurguje, duk da cewa sukar tana da tushe. Binciken Ivar Lovaas na 1987 a Kalifoniya, wanda ya ɗaukaka sunan ABA bayan yara 9 cikin 19 sun kai ga shiga aji na kowa da kowa, ya ƙunshi horar da yaran na sa'o'i 40 a mako da kuma hukunci na jiki da yau ba a yarda da shi. Da yawa daga cikin waɗanda suka taso a irin wannan tarbiyyar suna cewa an hana su kaɗa hannu da jijjiga jiki, abubuwan da ke kwantar musu da hankali, don kawai su yi kama da sauran yara. Mai koyon aiki a ƙasar da bulala ba ta bar aji ba yana buƙatar jin wannan tarihin dalla-dalla, don kada ya ɗauki dabarun ya mayar da su kayan tilasta biyayya.

Sai batun takarda, wanda masu talla ba sa son bayyanawa. Shaidar kammala sa'o'i 40 ba ita ce shaidar RBT ba. Akwai gwajin aiki a gaban ƙwararre, akwai jarrabawa, kuma ko bayan an ci, ƙa'ida ita ce ƙwararren ya sa ido a kan aƙalla kashi 5 cikin 100 na sa'o'in aikin mutum a kowane wata. RBT ba ya tsara shirin magani, aiwatar da wanda aka tsara yake yi. Bugu da ƙari, tun farkon 2023 BACB ta daina karɓar sababbin masu nema daga mafi yawan ƙasashen duniya, har da Najeriya da Nijar, don haka mazaunin Kano ko Maraɗi da ke son shaida sai ya duba hukumomi irin su IBAO da QABA, ya kuma tabbatar sun amince da kwas ɗin da zai biya wa kuɗi tun kafin ya biya.

Ina ba malaman makarantun yara masu buƙata ta musamman, da ma'aikatan jinya, da iyaye masu jin Turanci shawarar su yi shi, kuma su fara da na kyauta, tunda manhajar ɗaya ce. Wanda kuma yake shirin buɗe cibiya ya karɓi kuɗin iyaye da wannan takardar kaɗai, ina roƙonsa ya dakata har sai ya samu ƙwararren da zai riƙa duba aikinsa, ko da ta bidiyo ne daga nesa, musamman idan yaron yana buga kansa da bango ko yana cizon jikinsa, domin irin wannan sai an fara da likita a tabbatar ba ciwon kunne ko na haƙori ne ke sa shi ba.