Kafin ka kashe kuɗinka a gilez garau na ɗorawa kan zanen tangaran

Tun da na fara ɗora hotunan kofunan da nake yi tambaya ɗaya ce take ta dawowa, wai wane gilez ne, wato abin da ake shafa wa tangaran a gasa ya narke ya yi sheƙi, nake sawa a kan zane har yake fitowa tas kamar an rufe shi da gilashi, kuma a ina zan samu, kuma wanne ya fi. To gaskiya babu wanda ya fi haka kawai, sai ka fara gaya min yumɓun da kake aiki da shi da zafin da kilin ɗinka, wato murhun gasa tangaran, yake iya kaiwa da kalolin da ka zana, in babu waɗannan ukun duk wanda ya ce maka sayi kaza to caca kawai ya sa ka.

Bari in fara da wani abu da yake ba mu matsala mu Hausawa tun a wajen oda. Mu abin da ake hango cikinsa fari muke ce masa, farar leda, farar kwalba, farin gilashi. Sai mutum ya aika wa ɗan uwansa da ke Legas ko waje ya ce a sayo masa farin gilez, a kawo masa fari sol irin na kwanon bayi wanda yake rufe komai ruf, ya shafa a kan zanen da ya kwana uku yana yi, ya buɗe kilin ya tarar da zanen ya tafi hutu. Abin da kake so shi ne garau, wanda in ya narke ake ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Kuma kar ya ruɗe ka, shi ma a cikin roba fari ne kamar kunun gyaɗa, in ka shafa zanen zai ɓace maka gaba ɗaya, sai wuta ta ci shi zai dawo.

Maganar zafi ita ce ta farko. A jikin kowace roba za ka ga an rubuta lambar kon, wato ma'aunin zafin da za a gasa gilez ɗin a kai, kuma nan ne mutane suke faɗawa rami saboda sifili ɗaya tal. Kon 06 wajen digiri 1000 ne, kon 04 wajen 1060, amma kon 6 mara sifili ya kai wajen 1220, kon 10 kuma yana kusa da 1300. Ka ga tsakanin 06 da 6 akwai sama da digiri 200. In ka sa gilez na kon 6 a kilin da iyakarsa 1050 zai fito a bushe kamar an shafa farar ƙasa, ba sheƙi ba komai, in kuma ka yi akasin haka ka kai na 06 zafin kon 6 zai iya tsiyayewa ya manne maka da faranti na kilin. Jan yumɓun nan namu na gida irin wanda ake randa da tulu da shi galibi na ƙaramin zafi ne, in ka matsa masa sai ya kumbura ko ya lotse. Masu tambaya ko za a iya da gashin tukwane na gargajiya, wanda ake tara kara da itace a cinna a fili, a'a, wannan wutar ba ta kai inda gilez zai narke da kyau ba kuma toka za ta bi ta manne masa. Wannan sana'a ce mai zaman kanta da ƙa'idarta, ruwan randa ma ai don ba gilez ne yake sanyi.

To in ƙaramin zafi kake yi, irin su LG-10 na kamfanin Amaco ko S-2101 na kamfanin Mayco su ne sanannu. Daɗinsu kala tana fitowa rangaɗaɗau, ja ja ne, ɗorawa ɗorawa ce, kuma ba sa shan gas ko wuta sosai, wanda duk mai biyan kuɗin gas a garin nan ya san ba ƙaramar magana ba ce. Aibinsu kuma jikin kayan bai gama toshewa ba a wannan zafin, yana shan ruwa ta gindi inda ba gilez, bayan wata biyu uku sai ka ga gilez ya fara tsattsagewa siriri siriri kamar yanar gizo. Don kayan ado ko faranti na jerawa a kabet ba laifi. Don kofin da za a sha shayi kullum a wanke kullum, ni dai na fi natsuwa da kon 6 a kan farin yumɓu mai jure zafi.

Yanzu ga inda na ci kwakwa. Wata Hajiya ta ba ni aikin kofuna 60 na rabon biki, tana son ganye kore da fure ruwan hoda daidai da ankon da suka fitar, har ƙyallen atamfar ta kawo min na ajiye a kan tebur ina kallo ina haɗa kala. Gilez ɗina ya ƙare a tsakiyar aiki, na karɓi wani a hannun wani mai kawo kaya, garau ne na kon 6, ban tsaya karanta komai ba don biki ya matso. Da asuba na buɗe kilin, wallahi sai da na zauna a ƙasa. Ganyen nan duk ya koma kalar miyar kuka da ta kwana, wani wajen ma ruwan ƙasa sak, furen kuma ya koɗe kamar atamfar da ta shekara a igiyar shanya, shuɗin layin bakin kofi ne kaɗai ya tsira. Laifin ba na mai kayan ba ne, gilez ɗin lafiyarsa ƙalau, kawai dai akwai zinki a cikinsa. Yawancin koren kala da sinadarin kurom ake yinsa, shi kuma in ya haɗu da zinki a wuta ruwan ƙasa yake komawa, haka ruwan hoda da jan garura da ake haɗawa da kurom da kuza su ma zinki yana kashe su. Shuɗi na sinadarin kobal ne shi ya sa bai damu ba. Hajiya dai ta ce "Malam ai wannan ba ankonmu ba ne", na ce ranki ya daɗe a ƙara min kwana biyar, na sake 24 daga aljihuna.

Tun daga ranar in zan sayi na kon 6 mara zinki nake nema, a jikin robar ana rubuta Zinc Free, akwai HF-9 na Amaco akwai SW-004 na Mayco. Wannan ita ce shawara ɗaya da zan iya ba kowa ido rufe. Mai zinki ba shi da wani laifi in baƙi da shuɗi kawai kake zanawa, yana narkewa sumul, amma wa ya san odar da za ta zo gobe, gara ka riƙe wanda zai ɗauki kowace kala.

Sai mai sheƙi da mara sheƙi. Akwai masu son wanda ba ya ƙyalli, mai laushi a hannu kamar ɓawon ƙwai, kuma yana da kyau a hoto, amma ka sani shi ba garau ba ne na gaske, hazo yake sa wa zane kamar ka leƙa Dala da safe a tsakiyar hunturu. Siririn layi da rubutun ajami duk sai su dushe, baƙi ya koma toka-toka, kuma cokali yana barin masa zane. In zanenka manya-manyan fili ne na kala to bismilla, in kuwa irin dagi ne ko zanen zayyana mai ƙananan layuka, mai sheƙi za ka ɗauka, ko na tsakiya mai ɗan maiƙo.

Na buroshi ko na tsomawa ko gari, nan kuma maganar aljihu ce. Na buroshi yana zuwa a haɗe cikin ƙaramar roba ta wajen mil 470, an sa masa wani danƙo mai kama da ƙaro don kar ya bushe da wuri a bakin buroshi. Ga mai koyo ko mai yin kaya goma sha a wata shi ne daidai, ba ka buƙatar bokiti ba ka buƙatar rariya. Sai dai fa ka tuna kusan rabin abin da ke cikin robar ruwa ne, kuma kuɗin jirgi da kilo ake biya, wato dala kake biya a ɗauko maka ruwa daga Amurka zuwa Kano. In aikinka ya fara yawa gari za ka saya ka dama da kanka, ka tace da rariya mai lamba 80, ka bar shi ya kwana. Don gane kauri ba sai ka sayi na'ura ba, ja mil 100 da babban sirinji ka ɗora a ƙaramin sikelin masu gwal ko na kicin, in ya ba ka tsakanin giram 140 da 150 kana kan hanya, ni garau na fi son sa ta ɓangaren tsinkewa. Ka sa takunkumi mai kyau lokacin da kake juye garin, akwai silika a ciki kuma in ta shiga huhu ba ta fita.

Haɗawa da kanka daga tushe ma ana yi, na ƙaramin zafi kusan firit ne, wato garin gilashi na musamman da ake yi don gilez, kashi 85 zuwa 90 da farar ƙasa kashi 10 zuwa 15, kuma farar ƙasa muna da ita, ta Ƙanƙara a jihar Katsina sananniya ce. Firit ɗin ne sai an shigo da shi. Masu cewa a daka kwalba a yi da ita, na gwada, tana narkewa amma tsagewa take kamar me. Gilez na toka kuma galibi sai zafin kon 10 kuma yana gudu ya ja zane ƙasa. Amma dai kar a raina na gida, Ladi Kwali da ke bayan naira 20, wadda a 1954 ta shiga cibiyar koyar da tangaran da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja wato Suleja, tsaga zanenta take a jikin tukunya a cike da farin yumɓu sannan a rufe da gilez da ake hango zanen ta cikinsa, kuma da itace suke gashi. Ita zanenta a tsage yake cikin jiki shi ya sa ko gilez ya motsa ƙadangaren da ta zana yana nan inda ta ajiye shi.

Abu biyu da ba zan saya ba ko kyauta ne. Garin gilez da aka ƙulla a leda ba suna ba lamba, ana ce maka yana narkewa da wuri kuma yana sheƙi sosai, don wannan siffar gilez mai dalma ce, kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ba abin da za ka sa a kofin kunun yaro ba ne. Na biyu banish ko resin da ake shafawa a sanyi, wannan na tukunyar fulawa ne, ba gilez ba ne, kar ka sayar wa mutum a matsayin kwanon abinci.

Shafawa kuwa, rabin abin da ake zagin gilez a kai hannu ne. Garau ba ya son kauri, in ya yi kauri ƙananan kumfa suna maƙalewa a ciki ya yi fari-fari kamar madara musamman a gindin kofi da wajen mariƙi inda yake taruwa, kuma a kan baƙi ko jan yumɓu abin ya fi tona asiri. Da buroshi shafa biyu marasa kauri sun isa, ta biyu ka gicciya ta farko, a tsomawa kuma ƙirga ɗaya biyu ka fitar. Ni ina yin zanena ne tun kayan yana ɗanye kafin gashin farko, in gasa a kon 04, ka ga zanen ya riga ya kama ba abin da zai goge shi. In kuma bayan gashin farko ka yi zanen to ka bar shi ya bushe sosai, shafar farko ka dangwala da soso ko buroshi mai laushi, kar ka ja, in ka ja baƙin layi zai biyo ka har cikin fari. Kalar ma in ka lafta ta da yawa tana toshe jikin, gilez ya kasa kamawa a wajen ya tattare gefe ya bar fili. Haka ƙurar hunturu take yi, haka basilin ɗin da muke shafawa a hannu lokacin sanyi yake yi, na sha ganin shatin babban yatsana a jikin kofi. Goge kayan da ɗanyen soso, wanke hannu da omo, sannan ka share gindin tas kafin ya shiga kilin.

Duk wanda za ka saya, ƙaramar roba za ka fara ɗauka. Yi 'yan fale-fale da yumɓunka, ka ja layin kowace kala da kake da ita, rabi shafa ɗaya rabi shafa biyu, ka jingina su a tsaye a kilin don ka ga ko zai gudu. In sun fito sa ɗaya a firiza ya kwana ka jefa shi a tafasasshen ruwa, sannan ka goga masa tawada ka share, in akwai tsaga za ta fito ɓaro-ɓaro. Ɗaya kuma ɗora masa yankin lemon tsami ya kwana, in wajen ya dushe ko kala ta canza kar ka sa shi a kayan abinci, amma wannan gwajin ba ya nuna maka ko akwai dalma. In ka ga gilez yana ɓantarewa a bakin kofi kamar ɓawon gyaɗa to bai dace da yumɓun ba sam, kuma wannan ya fi tsagewa haɗari don ɓarɓashin gilashi ne mai kaifi. Sunan gilez da lambar kon kuma ka rubuta a bayan kowane da baƙar kalar zane, ba da biro ko fensir ba, su wuta cinye su take, ina da fale-fale kusan 20 a kwali masu kyau sosai da har yau ban san da me na yi su ba.