KEF LS50 Meta: sifikar da ingancinta ya dogara da inda aka ajiye ta

Kamfanin KEF na Ingila, wanda Raymond Cooke ya kafa a 1961, ya fitar da LS50 Meta a 2020 domin ta gaji LS50 ta 2012. Abin da ya bambanta ta da yawancin takwarorinta shi ne tsarin Uni-Q, wato an dasa ƙaramar sifikar siririn sauti mai milimita 25 a tsakiyar babbar mai milimita 130, ta yadda sautin duka yake fitowa daga wuri guda, ya iso kunne a lokaci guda. Amfanin hakan a fili yake, amma ga wanda ya ba ta wurin da ya dace kawai.

Sifikun biyu ne, ta hagu da ta dama. Idan aka ɗora su biyun a kan kanta, jingine da bango, muryar mawaƙi takan yi kauri, kayan kiɗan kuma su cakuɗe. Dalili kuwa shi ne ramin fitar bas, wato sauti mai kauri, yana bayan akwatin, kuma bango yana mayar da sautin ya haɗu da wanda ke zuwa kai tsaye. Kamfanin yana haɗawa da soson toshe ramin, wanda yake rage matsalar, sai dai a ganina gara a janyo su gaba da kamar rabin mita ko fiye, a kan ƙafafu masu nauyi da za su daidaita tsakiyar sifikar da tsayin kunnen mutum a zaune.

Daga nan sai a ɗauko tef ɗin awo. Tazarar da ke tsakanin sifikun biyu ta yi daidai da tazarar kowace zuwa kujera, misali mita 2 ta kowane ɓangare. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka idan ɗaya ta fi kusa da 'yan santimita kaɗan, muryar da ya kamata ta tsaya a tsakiya sai ta karkata wajenta. Da zarar awon ya daidaita, muryar takan tsaya cak tsakanin akwatunan, ganga ta koma can baya, fiyano ya ɗan matsa hagu ko dama gwargwadon yadda aka naɗi waƙar, har mutum ya daina jin cewa daga akwati sautin yake fita.

Batun juya fuskarsu wajen mai sauraro yana buƙatar haƙuri. Saboda Uni-Q tana baza sauti daidai ta kowane gefe, ba sai an saita su tsaf da kunne ba. Juyawa kaɗan ta fi ba da fili mai faɗi, siririn sautin ma ya fi daɗi. Bangon gefe shi ma yana da hannu a ciki, domin yana mayar da sauti zuwa kunne: mutum ya zauna a kujerarsa, wani ya riƙa jan madubi a jikin bango, duk inda aka hango sifikar a ciki, nan ne za a rataya labule mai kauri.

Tana da iyakarta. Ƙarar da take fitarwa idan aka ba ta ɗan lantarkin da aka saba gwada sifiku da shi desibel 85 ce kacal, a ma'aunin ƙarar sauti, saboda haka amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, in ba mai ƙarfi ba ce, ba za ta motsa ta yadda ya kamata ba, kuma mai son bas ɗin da ke girgiza ƙirji sai ya ƙara da sabufa, wato sifika ta musamman mai fitar da bas. Ta fi dacewa da ɗaki ƙarami ko matsakaici, da kuma wanda zai yarda ya matsar da kujera da tebur saboda ita.