Yawon kallon dolfin a Khasab: abin da na gani

Mutumin Katsina irina, wanda iyakar saninsa da babban ruwa ita ce madatsar Jibiya ko ta Zobe, ba ya shiga jirgin teku ba tare da fargaba ba. Duk da haka, bayan na kammala sarin kaya a Dubai, na bi wani kamfanin yawon buɗe ido zuwa Khasab, a yankin Musandam na ƙasar Oman, kusa da mashigin Hormuz.

Jirgin na katako ne, an shimfiɗa darduma da matasai, ana zagayawa da shayi da dabino. Mun shiga tsakanin duwatsu masu tsayi inda ruwa ya kwanta luf, matuƙin yana fito yana tafa hannu, sai ga dolfin, wasu dabbobin teku masu kama da manyan kifaye, sun taso suna tsere da jirgin. Ɗaya ya matso har na ji hucin numfashinsa ta kafar da ke saman kansa, domin dabbar ba kifi ba ce. Kamar ayu, iska take shaƙa, kuma tana shayar da 'ya'yanta.

Mun tsaya a tsibirin Telegraph, inda Turawan Ingila suka kafa tashar wayar tangarahu a 1864. Abincin rana, shinkafa da gasasshen kifi, ba laifi.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne rigunan kariya daga nutsewa ba su ishi fasinjoji ba, sai da na yi magana sau biyu kafin aka kawo mini tawa. Mai niyyar zuwa ya nemi bizar Oman tun da wuri.