Petra a Rana Ɗaya: Ta Babbar Ƙofa ko Ta Bayan Duwatsu

Alhaji, ka tambaye ni hanyar da ta fi dacewa a ziyarci Petra, tsohon birnin nan da aka sassaƙa a jikin duwatsu a ƙasar Jodan. Tsakanin motar safa da ke kwasar jama'a daga Amman da asuba ta shigar da su Petra ta babbar ƙofa, da tafiyar ƙafa tare da ɗan rakiya daga Siƙul Barid ta bayan duwatsu, ka ɗauki ta biyun. Duka biyun na yi su a zuwa biyu da na yi Jodan, kuma ɗaya ce kawai nake ba da labarinta da daɗin rai.

Ta motar safa ba ni da abin faɗa mai yawa a kanta. Daga Amman zuwa garin Wadi Musa da ke bakin ƙofar Petra ya haura kilomita 200, kimanin awa 3 zuwa, awa 3 dawowa, saboda haka rabin yinin a kan kujera ya ƙare. Mun ga Khazna, shahararren ginin da ke tarbar mai shiga birnin, mun leƙa dandalin kallo da aka sassaƙa a jikin dutse, daga nan ɗan rakiyar kamfanin ya fara duba agogo yana ƙirga kawunanmu. Ta dace da dattijo ko mai ciwon gwiwa, iyakar yabon da zan yi mata ke nan.

A zuwa na biyu kuwa a Wadi Musa na kwana, muka fita bayan sallar asuba da wani dattijo ɗan ƙabilar Budul, mutanen da suka zauna cikin kogunan Petra har gwamnati ta mayar da su ƙauyen Ummu Saihun a shekarun 1980. Mun fara da Siƙul Barid, wadda baƙi ke kira Ƙaramar Petra, inda har yanzu akwai ɗakin da zanen kurangar inabi da tsuntsaye bai gama gogewa daga rufinsa ba. Kafin mu kama hanya sai dattijon ya tsaya a gindin wani dutse, ya nuna mini wata 'yar siririyar kwata da aka sassaƙa, wadda da ni kaɗai ne da na ɗauka tsagewa ce kawai. Ya buɗe gorarsa ya tsiyaya ruwa kaɗan a samanta, muka tsaya muna kallon ruwan yana gangarawa a hankali, yana bin lanƙwasar dutsen, har ya faɗa bakin wani rami da aka haƙa domin tara ruwan sama. A nan na fahimci yadda Nabatawa, Larabawan da suka yi arziki da fataucin lubban da kayan ƙanshi tun kafin haihuwar Annabi Isa, suka riƙe babban birni a wurin da ruwan sama ba ya taka kara ya karya. Duk ɗigon da ya sauka a kan dutse sun yi masa hanya da ma'ajiya. Su ne kuma suka sassaƙa kaburburan Mada'in Salih da ke Saudiyya, shi ya sa wanda ya taɓa ganin hoton can zai ga kamannin aikin.

Hanyar kanta ta ɗauke mu wajen awa biyu da rabi, da tsaye-tsayenmu. Farkonta rairayi ne da fili, sannan ta fara hawa, ta bi gefen tsauni inda dutse yake hannu ɗaya, kwazazzabo mai zurfi yake ɗaya hannun, kwarin Wadi Araba kuma ya shimfiɗe can ƙasa har inda ido ya gaza. Daga nesa dattijon ya nuna mini wani farin ɗigo a ƙololuwar Jabal Harun, ginin da mutanen wurin suke ɗauka kabarin Annabi Haruna ne. Da hujjar zuwa yanka a wannan kabari ne matafiyin nan ɗan Suwizalan, Johann Ludwig Burckhardt, ya samu aka shigar da shi Petra a 1812 cikin shigar Larabawa, daga nan Turawa suka san da wurin. Mun sha shayi mai ganyen maramiyya a wata rumfa, muka zagaya wani dutse, sai ga Ad-Dair a gabanmu, gini mai tsayin sama da mita 45 da aka sassaƙa daga dutse guda, wanda mutum a bakin ƙofarsa yake komawa kamar ɗan tsako a ƙofar zaure. A lokacin ba mu fi mu goma a filin ba.

Babbar ribar wannan hanya ita ce matakalar. Wanda ya shigo ta babbar ƙofa sai ya ratsa birnin gaba ɗaya, sannan ya fuskanci matakala kimanin 800 kafin ya kai Ad-Dair, yawanci da tsakar rana, ƙarfinsa ya riga ya ƙare. Mu kuwa saukowa muka yi, muna cin karo da masu hawa suna haki, kowa na tambayar saura nawa. Daga ƙasa muka bi ta Ƙasrul Bint, tsohon ɗakin bauta na Nabatawa, da titin ginshiƙai na zamanin Rumawa, waɗanda suka haɗe daular Nabatawa a shekara ta 106 miladiyya, da baraguzan da girgizar ƙasa ta 363 ta bari, muka yi azahar a inuwar wani dutse, sannan muka isa Khazna da tulun nan na samanta mai tabon harsasai, na waɗanda suka zaci dukiyar Fir'auna ce a ciki.

Ba zan ɓoye maka aibinta ba. Rana tana haska Khazna da safe, Ad-Dair kuma da yamma, kai kuwa a juye za ka same su. Sannan za ka rasa wannan mamakin na fitowa daga matsatsin Siƙ, kwazazzabon da ake bi daga babbar ƙofa zuwa cikin birnin, ka ga Khazna ta tsagar dutse. Maganin na biyun mai sauƙi ne: idan ka shiga Siƙ za ka fita, ka yi taku kaɗan ka waiwayo.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu cin kasuwar baƙi. Ka sa kamfanin ya rubuta maka ko kuɗin shiga yana cikin farashinsu, domin lokacin da na je dinari 50 ne na yini ɗaya ga wanda ya kwana a ƙasar, kuma a Wadi Musa muka yanki tikiti kafin mu tafi ta baya. Ka nemi ganin katin lasisin ɗan rakiya. Akwai samari da za su tare ka su ce hanyar da ka nufa a rufe take, su ja ka wata, a ƙarshe su yanka maka kuɗi. Akwai masu tallar kwabban ƙarfe da suke rantsuwa a kogo suka tono su. Na taɓa sayen guda biyu a zuwan farko, washegari na ga irinsu cike da faranti a wani kanti. Idan kuma an ga hadari, kada wani ya lallashe ka ka shiga kwazazzabo don kada kuɗinsa ya tafi, domin ambaliya ta kashe mutum sama da 20 a cikin Siƙ a 1963, yawancinsu Faransawa.

Ka nufi watan Maris ko Afrilu, ko Oktoba da Nuwamba. Ka bar babbar riga da takalmin fata a masauki, ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka ɗauki ruwa aƙalla lita 2. Ka kuma rage ƙarfi domin ƙarshen tafiyar, saboda Siƙ ya haura kilomita ɗaya kuma a fita hawa ne a hankali, bayansa akwai sauran tafiya kafin ƙofa. A nan masu dawakai za su ce maka hawa kyauta ne, yana cikin tikiti. Ka yi ciniki a kan abin da za ka ba mai jan linzami tun ƙafarka tana ƙasa.