Tsohon saitin Premier na baffa: a ƙara masa tom, ko a kawo masa kalangu?

Ƙanena, na ga tambayar da ka jefo mana tun daren Laraba, na bari sai da na samu natsuwa, domin ba magana ce da za a amsa a tsaitsaye ba. Abin da na fahimta shi ne marigayi baffanka, Allah ya jiƙansa, ya bar maka tsohon saitin jaz ƙirar Premier mai ganga huɗu: babbar ta ƙafa, siniya (mai waya a ƙasanta), da tom biyu, wato gangunan da ake zagayawa a kansu da sanda, ɗaya a sama, ɗaya mai ƙafafu a ƙasa. Da shi kake fita biki da taron makaranta a ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura. Yanzu wani mai shago a Sabon Gari ya nuna maka sababbin tom guda biyu, ya ce zai sa a huda bayan babbar gangar a kafa ƙarfen da zai riƙe su. Yaran da kuke kiɗa tare kuma sun dame ka da cewa saitinka kamar na 'yan koyo. Shi ne kake neman shawara, ka ƙara ko ka bari.

Hanya biyu zan ajiye maka kusa da juna. Ta farko ita ce ta mai shago, a ƙara tom biyu saitin ya zama shida. Ta biyu, ka bar shi a huɗunsa, kuɗin da ka tara ka sa su a fata da gyara, sannan ka nemi mai kalangu ya riƙa tsayawa a gefenka. Ba zan ɓoye maka ba, ta biyun nake so maka. Amma ta farkon ma tana da inda ta yi gaba, zan kuma faɗe shi.

Mu fara da katakon, don a nan maganar take. Premier kamfanin Ingila ne, an kafa shi a Landan a 1922. Gangunan da suka yi shekara hamsin ko sittin da suka wuce, su da takwarorinsu irin Ludwig na Amurka, yawanci katako ne siriri mai falle uku, an yi masa zobe daga ciki a baki da baki don ya riƙe da'irarsa, bakin da fata ke zama kuma a mulmule yake. Gangunan yanzu sun fi kauri, falle shida ko fiye, bakinsu a fiƙe. Wannan bambanci kunne yana jin sa. Tsohuwa tana ba da sauti mai kauri da taushi, ta faɗi abin da za ta faɗa ta yi shiru. Sabuwa tana da kaifi, kuma tana jan amo. Idan ka jera su ka zagaya da sanda daga ƙarami zuwa babba, za ka ji kamar mutum biyu ne ke karɓe magana daga bakin juna, ɗaya ɗan birni ɗaya dattijon ƙauye. Ɗauri yana rage wannan, ba ya kawar da shi. Ga launi kuma: rigar tsohuwar ganga ta sha rana shekara da shekaru, ta koɗe ta yi nata kalar, babu sabuwar da za ta zo daidai da ita.

A hanya ta biyu wannan matsala ba ta tasowa, domin ba wanda ke jiran kalangu ya yi kama da tom. Muryarsa daban ce tun asali, kunne kuma yana karɓar ta a matsayin baƙo da ya shigo da sallama.

Sai maganar huji, wadda ita ce ta hana ni barci a kan tambayarka. Ni na taɓa yin wannan kuskure. Ina da wani tsohon saiti ɗan Japan, na kai wa wani kafinta a garinmu ya huda mini babbar gangar don in ɗora tom na biyu. Ranar ya yi kyau. Da hunturu ya shigo katako ya bushe, nauyin ƙarfe da girgizar hanya suka haɗu, sai tsaga ta tashi daga bakin hujin ta bi falle har ta isa inda ƙarfen ɗauri yake. Daga nan duk dukan da na yi sai na ji wani ƙirr a ciki. Na sa gam, na sa ƙyalle, ba ta koma yadda take ba har na rabu da ita. Katako siriri mai shekara hamsin ko sittin ba a yi shi don ya ɗauki ƙarfen zamani da tom biyu a ka ba. Kuma ko bai tsage ba, masu sayen tsofaffin ganguna abin da suke fara dubawa ke nan, ko akwai hujin da ba na kamfani ba. In akwai, daraja ta faɗi. Na san ba sayarwa za ka yi ba, kayan baffa ne. Amma fata in ta fashe a sake, ƙarfe in ya yi tsatsa a goge, huji kuwa in an yi shi an yi shi.

Akwai wani abu da mai shagon ƙila bai sani ba, ban ce ya ɓoye maka ba. Premier ɗin da aka ƙera kafin ƙarshen shekarun 1960 wasu gangunansu ba su bi awon da duniya ta daidaita a kai daga baya ba. Wadda ake kira inci 12 ta ɗan gaza 12, ta inci 16 ta ɗan ɗara 16, babbar ta inci 20 ita ma ta gaza. Fatar roba da za ka saya a kasuwa sai ta ƙi zama, ko ta yi sako-sako ko ta ƙi shiga. Kamfanin Remo, wanda ya fito da fatarsa ta roba a 1957, yana yin ta musamman don irin waɗannan, sai dai ba a kowane shago ake samun ta ba, sau da yawa sai an yi oda. Haka kusoshin ɗaurin tsohon Premier da yawa kansu tsaga ce kamar ta sukurudireba, ba mai kusurwa huɗu irin na yanzu ba. Ka ga in ka ƙara sababbin tom, ka zama mai makulli iri biyu da fata iri biyu a saiti ɗaya. Kafin ka kashe ko sisi, ɗauki tef ɗin tela ka cire fata ka auna faɗin kowace ganga daga baki zuwa baki. Idan naka na tsohon awo ne, to abin da saitin ke buƙata da gaggawa fata ce da ta dace da shi. Na sha ganin wanda ya ce gangarsa ta mutu, ashe fatar ce ta shekara goma tana shan duka da ƙura.

Kalangu kuwa gyaransa a gida yake. Fatar akuya, tsirkiya, da hannun wanda ya iya. Yana da nasa rauni, ba na musu: da damina fata ta saki murya ta dushe, da hunturu ta yi tauri ta iya fashewa in an matsa mata. Amma mai shi ya san yadda zai bi da ita, kuma ba sai ya jira kaya daga Legas ba.

Yanzu inda mai shago ya fi ni gaskiya. Ido yana cin nasa rabo a wajen biki. Uwar amarya da ta biya kuɗi tana so ta ga kaya sun cika fili, kuma a zamanin da DJ ke zuwa da lasifika kamar ɗaki, saiti mai ganga huɗu yana iya zama ƙarami a idon wanda bai san kiɗa ba. Na biyu, akwai waƙoƙin da aka haɗa a situdiyo da fiyano, masu gangarowar tom a jere kafin amshi; in jama'a sun nemi ka yi musu irinsu, tom uku ko huɗu sun fi biyu sauƙin kwaikwayo. Na uku, kuma wannan babba ne, tom ba ya cin abinci. Ka saye shi sau ɗaya shi ke nan. Mai kalangu mutum ne, za a raba liƙi da shi, za a biya masa kuɗin mota, wata rana zai ce yana da nasa bikin a Gumel. Duk wanda ya ce maka hanya ta biyu ta fi arha a kowane hali bai yi lissafi ba. Kuma yawan ganga ba laifi ba ne a kansa; Keith Moon, mai gangar ƙungiyar The Who ta Ingila, da Premier ya yi suna, da saiti mai babbar ganga biyu da tom jere.

Sai dai ka tuna inda kake kiɗa. Shi a dandamali yake da makirfo. Kai a fili kake, ƙofar gidan mai gari ko gindin dalbejiya a harabar firamare, sau da yawa ba makirfo ko ɗaya a kan ganguna, janareta na ruri a baya. A irin wannan wuri tom ne ke fara ɓacewa. Ka sa wani ya zauna ya buga, kai ka taka ka yi nisa kamar taku talatin, ka saurara. Za ka ji ta ƙafa, za ka ji siniya da simbal, wato faifan ƙarfen nan, tom kuwa sai dai ka ga hannu yana motsi. Kalangu a wannan nisa yana nan tangaran. Ba banza ba mahauta suka riƙe shi a kasuwa don sanar da an yi yanka, da shi kuma ake kiran 'yan dambe su fito fage.

Abin da ya fi wannan ma, kalangu yana magana. Tom murya ɗaya gare shi, inda ka ɗaure shi nan zai tsaya har ka sake ɗauri. Ka ƙara biyu, ka samu murya huɗu a tsaye. Mai kalangu yana matse tsirkiya a hammata ya sassauta, murya ta hau ta sauka kamar yadda harshenmu ke yi, ya yi wa ango take, ya kira sunan gidansu, tsohuwa ta ji daga cikin gida ta rangaɗa guɗa ta fito da kuɗi a hannu. Marigayi Mamman Shata ya yi shekaru yana riƙe taro da kalangai a bayansa har ya rasu a 1999, ba wanda ya taɓa cewa kiɗan bai cika ba. Ni a ganina giɓin da kake ji a kiɗanka, wanda yaran nan suka fassara da ƙarancin ganga, giɓin wannan murya ce. Kai ka riƙe ƙasa da ta ƙafa da siniya, shi ya yi yawo a sama. In ka samu yaro mai kuntuku ya cike tsakani, to ka ji kiɗan da DJ ba zai iya kunnawa ba.

Amma ka je da ladabi. Kiɗan kalangu a wurare da yawa gado ne, akwai gidajen da aka san su da shi. Ka je ka gaida babba a gidan, ka faɗa masa abin da kake so, shi zai nuna maka yaron da zai ba ka. Ku yi gwaji sau uku ko huɗu kafin ku fita, domin mai kalangu ya saba shi ke ja, kai ma ka saba kai ke ja, sai kun koyi barin wa juna hanya.

Maganar 'yan koyo kuwa, kada ta ci maka rai. Ringo Starr da Premier mai ganga huɗu ya shiga ƙungiyar Beatles ta Ingila, ya koma Ludwig a 1963, shi ma huɗu, da shi duniya ta san shi. A nan gida ka saurari Tony Allen da ya yi wa Fela kiɗa: yawancin abin da ke sa jiki motsi a kiɗansa tsakanin ta ƙafa da siniya da simbal ɗin feda yake. Akwai ma wani amfani da sai mai bugawa ya san shi. Da tom ɗaya a sama, babban simbal yana zama kusa da hannun dama, a ƙasa-ƙasa, kafaɗa a sake. Ka ƙara na biyu, dole ka ture shi gefe ko ka ɗaga shi, kuma a bikin da za a kai tsakar dare kafaɗarka za ta ba ka labari.

Hanya ma abin dubawa ce. Ganga huɗu da ƙarafunansu suna shiga A Daidaita Sahu ɗaya in an iya shiri. Shida, sai ka ɗora wasu a cinya ko ka ƙara babur, kuma da damina kan hanyar burji kowane ƙarin kaya ƙarin abin da zai bugu ne. Mai kalangu ya rataya nasa a kafaɗa ya hau bayan babur.

In duk da haka ranka ya tsaya a kan ƙari, to ga yadda za ka yi ba tare da ka cuci saitin ba. Ɗaya za ka ƙara, ba biyu ba. Ka nemi tom na ƙasa mai ƙafafunsa, inci 14, ka ajiye shi kusa da na 16, ba ya taɓa jikin kowa. Ko ƙarami inci 10 a kan sandarsa daban, ko a maƙale a sandar simbal. Kada ka sa 13 kusa da 12, muryoyinsu sun yi kusa, za ka sha wahalar raba su. In Allah ya sa ka ci karo da tsohon Premier guda ɗaya da ya rabu da 'yan'uwansa, a ɗakin ajiyar wata makaranta ko coci, wannan ya fi sabo dacewa ko da launinsa daban ne. Kuma duk ƙarfen da ka cire daga na baffa, ko ƙaramin noti ne, ka ƙulle shi a leda ka adana. Saitin kansa ka ɗaga shi daga ƙasa ka ɗora a kan benci saboda gara, kada ya kwana a ɗakin kwano da zafin bazara ba rufi.

Ka turo mini hoton tambarin da ke jikin gangar, da hoton cikinta bayan ka cire fata, da awon kowace ɗaya. Ranar Lahadi in Allah ya kai mu zan shigo kasuwar Gujungu, in ka samu dama ka zo da ƙaramin tom ɗin a buhu in duba bakinsa da hannuna. Mai shago kuma ka ce masa ya dakata da maganar huji tukuna.