Golf GTI a titin Kano zuwa Kaduna: man da take sha da wanda ta dace da shi

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tambayar da mai sayen mota yake fara yi ta canja. Da can kyau da ƙarfin inji ake tambaya, yanzu kuwa kowa cewa yake yi, “Ya shan manta?” Matasa da yawa sun tare ni da wannan tambaya a kan motata, Volkswagen Golf GTI ƙirar 2008, wadda ake kira Golf 5. Na saye ta 'yar Kwatano, kuma harkokina suna yawan kai ni Kaduna daga Kano, wani lokaci har Abuja, don haka na san halinta a cikin gari da kan babban titi.

A wajenmu idan aka ce Golf, abin da yake zuwa zuciya shi ne Golf 3 ta haya, mai ɗaukar fasinja shida da buhuna a but. Suna kawai suka haɗa da wannan. Golf 3 mai injin 1.8 ƙarfinta bai wuce doki 90 ba, ita kuwa GTI ɗin nan injinta lita 2 ne mai turbo, wato na'urar da take cusa wa inji ƙarin iska, da ƙarfin doki 200. Tun 1976 kamfanin yake fitar da GTI, kuma manufar ba ta canja ba: ƙaramar mota mai ƙofar baya, wadda za a je kasuwa da ita, a kuma hau babban titin Jamus a taka ta. Tawa mai giyar DSG ce, wato giya shida mai canja kanta. Tankinta lita 55 yake ci.

Yadda nake auna mai shi ne in cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, in mayar da ma'aunin kilomita sifili, in yi tafiyata, sannan in sake cikawa in raba. Ina ba kowa shawarar ya yi haka, domin lissafin da allon gaban direba yake nunawa yakan yi wa mota alfarma kaɗan. A takardun Turai an rubuta mata kimanin lita 8 a kowane kilomita 100 idan aka haɗa gari da doguwar hanya. Wannan adadi a ɗakin gwaji aka samo shi, babu zafin watan Afrilu, babu cunkoson Hotoro ko na Kurna.

A titin Zariya, daga Kwanar Dangora zuwa Tashar Yari inda kwalta take shimfiɗe, idan na tsaya a kan kilomita 100 a awa, wanda shi ne iyakar gudun da hukumar kiyaye haɗurra ta gindaya wa ƙananan motoci a irin wannan titi, lita ɗaya tana kai ni kusan kilomita 13, da na'urar sanyaya mota a kunne. A wannan gudu tana giya ta shida, injin yana juyawa kusan sau 2,500 a minti ɗaya, ba ka jin ƙararsa. Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne, ke nan lita 18 ko ƙasa da haka. Tanki ɗaya ya isa zuwa da dawowa, har da ragowar zirga-zirga a cikin Kaduna. Ga mota mai doki 200, wannan ba ƙaramin abin yabo ba ne, kuma bai yi wa Corolla nisa sosai ba.

Matsalar tana ƙafar direba. Motar nan tana kiran mutum ya taka, domin a 130 ko 140 ba ta rawa, sitiyarin ba ya sauƙi a hannu, sai ka ga allura ta wuce ba ka sani ba. Daga nan lissafi yake rushewa. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi, kuma da zarar turbo ya fara hura iska da ƙarfi, kwamfutar injin tana ƙara mai don ta sanyaya cikinsa. Wanda ya riƙe 140 zai ga lita ɗaya ta koma kilomita 10 ko ƙasa, ga shi kuma a titinmu akuya, ɗan acaba mai bin hannun da ba nasa ba da tirelar da ta lalace babu alama duk suna jiransa. Mintunan da zai rage tsakanin Kano da Zariya ba su kai kuɗin man ba, balle ransa.

Inda ƙarfin yake da amfani na gaske shi ne wajen wuce manyan motoci. Injin yana ba da cikakken ƙarfin jansa tun daga juyi 1,800, don haka idan ka biyo jerin tireloli a wajen Maraban Jos, ko a hanyar da ba a raba hannu ba kamar wasu sassa na hanyar Jos, taɓa totur kaɗan ya isa. Giyar ta sauko da kanta, kafin ka ƙirga biyar ka koma hannunka. Wanda ya taɓa maƙalewa a gefen tanka da mota marar ƙarfi, wata kuma tana tahowa tana ba shi wuta, ya san darajar wannan. Birkinta ma yana kamawa sosai, kujerun gaba suna riƙe baya da kwiɓi, ina sauka a Kawo ba tare da ciwon ƙugu ba.

Cikin gari kuwa ba na yaba mata. A cunkoson Kano, tsakanin 'yan a-daidaita-sahu, ga sanyi a kunne, lita ɗaya da ƙyar take kai kilomita 8, ranar da hanya ta cushe ma 7. Gajeruwar tafiya da sanyin inji, kamar kai yara makaranta a dawo, ita ce ta fi cin mai. Giyar DSG kuma kulochi biyu ne a cikinta, ba ta son jan ciki na taku ɗaya-ɗaya. Gara ka bari a ba da 'yar tazara sannan ka matsa.

Sai maganar man kansa, wadda masu sayar da mota ba sa faɗa. An ƙera injin nan don fetur mai lambar oktan 98, wato ma'aunin yadda fetur yake jure matsi a cikin inji, ya kuma yarda da 95. Wanda ake sayarwa a gidajen manmu galibi bai kai haka ba. Motar ba za ta ƙi tashi ba, domin tana da na'urar da take jin ƙwanƙwasar inji ta jinkirta wuta, amma sakamakon shi ne ƙarfi ya ragu, shan mai ya ɗan ƙaru, musamman da tsakar rana. Abin da nake yi shi ne in tsaya a gidan man da na amince da shi, in guji man 'yan bumburutu ko da layi ya yi tsawo, kuma ba na danne totur har ƙasa a cikin zafi.

Ƙafafunta su ne abu na biyu da ya kamata mai saye ya yi wa tunani. An sauke ta ƙasa da Golf ta yau da kullum da kimanin milimita 15, shokozobanta masu tauri ne. A sabuwar kwalta wannan ne yake sa ta manne da titi a kwana. A inda hanya ta farfashe, ko inda ake karkatar da motoci saboda aikin titin Abuja da aka fara tun 2018, duk ramin da ta shiga sai ka ji shi a bayanka. Akwai mai wili inci 17 da taya 225/45, akwai mai inci 18 da taya 225/40. Na inci 18 ya fi kyau a ido, amma gefen tayar siriri ne, rami ɗaya mai kaifi yana iya kumbura ta ko ya lanƙwasa wilin. Duk wanda ya tambaye ni, 17 nake ce masa. Safayarta ƙarama ce, ba a wuce kilomita 80 a awa da ita, kuma ba kowane mai faci na bakin hanya ne yake da taya mai wannan lamba ba. Zuwa ƙauye da damina kuwa, a bar ta a gida.

Kula da ita yana son bakanike mai na'urar duba kwamfuta, wanda ya san injin turbo. Baƙin mai na roba, wato synthetic, take so, irin 5W-40 mai lambar amincewar kamfanin, kuma a riƙa duba sandarsa kafin doguwar tafiya domin irin wannan inji yana rage mai kaɗan-kaɗan. Man giyar DSG ana canja shi duk kilomita 60,000. Akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da hula a ƙarƙashin famfon mai na saman inji wanda yake cinyewa da tafiya. Kuɗinsa kaɗan ne, amma idan aka bari ya huje, ɓarnar tana da tsada. Injin yawancin Golf 5 GTI da bel ɗin taimin yake aiki, don haka ranar da ka saye ta ka canja bel ɗin, kada ka dogara da abin da dillali ya ce. Da hunturu filtar iska tana cika da ƙura da wuri, kuma toshewarta tana dakushe motar. Kayan gyara ana samu a Ƙofar Ruwa da Panteka, sai dai ba a yawan na Toyota ba, wasu sai an yi oda daga Legas.

Idan yawancin tuƙinka daga gida zuwa ofis ne a cikin gari, ko kana da iyali masu yawa, kuɗinka zai fi yi maka amfani a Corolla ko Civic. But ɗinta lita 350 ne, kujerar baya manya biyu take ɗauka cikin walwala, na uku a takure yake. Amma mai yawan bin Kano, Zariya da Kaduna shi kaɗai ko da mutum ɗaya, wanda zai iya riƙe ƙafarsa a kan 100 kuma ya ware kuɗin sabis a kan lokaci, zai ji daɗinta ƙwarai. Kafin ka biya, ka sa a ɗora ta a kan na'ura, ka tuƙa ta har injin ya yi zafi, ka saurari yadda giyar take shiga ta ɗaya, ta biyu da ribas. Idan tana fizga ko tana jinkiri, ka nemi wata.